Kafin ka sa zarto a sandunan golf ɗinka

Wani matashi makaniken babura ya aiko mini da tambaya daga Marwa. Ya ce: "Baba, an kawo mini jakar sandunan golf ta gwanjo daga Duwala, guda goma sha ɗaya. Tsawona mita ɗaya da santimita 63, sandunan kuwa kamar na dogon Bature ne, kuma ƙwallona kullum hagu take yi. Ina so in rage santimita biyar a kowace sanda. Ƙotar ƙarfe na 6 ta karye kusa da wuya, abokina mai walda ya ce zai ɗinke ta. An kuma ce mini ƙota mai harafin S ta fi kai ƙwallo nesa. Ta ina zan fara?"

Ɗana, ajiye zarton nan tukuna, ka kuma ba abokinka mai walda haƙuri. Da tasa zan fara, don ita ce mai haɗari. Ƙotar sandar golf bututu ce mai siririn bango, an yi mata horon wuta don ta lanƙwashe ta dawo. Walda tana kashe wannan horon a daidai inda ta taɓa. Ɗinkin zai yi kyau a ido, ya ɗauki bugu goma ko ashirin, ran da zai ɓalle kuwa kai mai nauyin fiye da rubu'in kilo ne zai tashi sama da tsinin ƙarfe a jikinsa. Ƙotar da ta karye ta gama aikinta. Kada dai ka jefar da ita, a kanta za ka koyi yanka da cire mariƙi.

Na fi shekara ashirin ina kwance sanduna ina ɗaurawa a ɗan shagona na bayan gida a nan Garwa, tun ina aikin gyaran injinan gurzar auduga. Abin da ya fi ba ni wahalar fahimtar da mutane shi ne, kai da ƙota da mariƙi da tsawo duk a ɗaure suke da juna. Ka taɓa tsawo, nauyin da hannu ke ji ya sauya. Ka gyara nauyin, taurin ƙota ya sauya. Kai da ke zama gaban kafireto ka san ba a murɗa kusa biyu lokaci guda, don in injin ya saitu ba ka san wacce ta saita shi ba. To haka nan. Ciro ƙarfe na 7, wato sanda mai kan ƙarfe da aka buga wa lamba 7, shi kaɗai, sauran goman ka mayar da su jaka. Duk abin da zan faɗa a kansa za ka fara yi, sai ya gamsar da kai sannan 'yan'uwansa su bi sahu.

Tef ɗinmu na nan santimita yake ƙirgawa, ita kuwa wannan sana'a da inci take magana, don a Sikotilan aka haife ta, a Amurka ta yi ƙiba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Tazarar da ke tsakanin ƙarfe da mai bi masa rabin inci ce kacal, wato santimita 1.27. Santimita biyar ɗin da kake raina wa ido kusan inci biyu ne, taki huɗu ke nan. Ƙarfe na 7 na maza yakan zo a wajen inci 37, kimanin santimita 94. Ka cire biyar, ya koma tsawon sandar fitar da ƙwallo daga yashi, ko ma ya gaza ta.

Tsawon mutum kuma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Na ga gajere mai gajeren hannu da ke buƙatar sanda yadda ta fito daga masana'anta, na ga dogo mai hannu har gwiwa da sai an rage masa. Tsaya a kan siminti mai laushi, da takalmin da kake wasa da shi, ka saki hannuwanka ba tare da ka ɗage kafaɗa ba, wani ya auna daga layin wuyan hannunka zuwa ƙasa. Jadawalin kamfanoni suna ɗan saɓawa, amma wanda awonsa ya faɗa tsakanin santimita 86 da 91 galibi ba a taɓa masa tsawo. Mai tsawonka ina sa ran ya faɗa wajen 80 zuwa 84, abin da ke nufin rage rabin inci, in ya yi yawa inci ɗaya. Wannan awon tsohon abu ne: Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping, a 1972 ya fara sa ɗigon launi a kan ƙarafansa bisa irinsa. In naka Ping ne, duba ɗigon. Baƙi shi ne madaidaici, shuɗi da kore da fari na dogaye ne, ja na masu neman kwantacciyar sanda.

Awon nan mafari ne kawai. Ƙwallo ce alƙali, kuma akwai hanyar tambayarta ba tare da ka yanke komai ba. Naɗa salatif a mariƙin, ɗaya a santimita 1.3 daga ƙarshe, ɗaya a 2.5. Shafa alli a fuskar sandar. Buga ƙwallo goma kana riƙe da cikakken tsawo, kana duba inda kowacce ta bar tabo, sannan goma a alamar farko, goma a ta biyu. Tsawon da ya tara tabon a tsakiyar fuska, kuma bayanka bai ƙage ba, shi ne naka. Kada ka yi wannan rana ɗaya ka ce ka gama. Yi kwana uku, don hannun mutum na ranar Litinin ba shi ne na ranar Juma'a ba. Abin da aka yanke ana iya ƙara masa toshiya daga baya, amma faci ne, ba ya komawa yadda yake.

Yanzu maganar hagu, wadda nake zaton ita ce ta kawo ka. Tsakanin ƙota da tafin sanda akwai kusurwa, a ƙarfe na 7 wajen digiri 62. In kusurwar ta dace da kai, tafin zai sauka a ƙasa a shimfiɗe lokacin bugu. In sandar ta yi maka tsayi ko ta cika miƙewa, dunduniyarta ce ke fara cin ƙasa, hancinta ya ɗaga. Da yake fuskar a kwance take tana kallon sama, da zarar hanci ya ɗaga sai ta koma kallon hagu ga mai bugu da dama, ko da ka saita ta daidai. Ɗauki faranti ka jingina shi kamar fuskar sanda, ka manna fensir a tsakiyarsa yana nuna gaba, ka ɗaga gefe ɗaya, za ka ga bakin fensirin ya karkata da idonka. Kuma iya kwanciyar fuska iya munin abin. Shi ya sa nake tambayar mutum: gajerun ƙarafan, na 8 da na 9, su suka fi yin hagu, ko dogayen? In gajerun ne, zargi sanda. In babbar sandar bugun farko ce ta fi murɗewa hagu a sama, laifin yana hannunka, kuma ba zarton da zai gyara shi.

Gwajin da na fi yarda da shi alƙalamin rubutu a allo kawai yake ci. Ja layi mai kauri a jikin ƙwallo, ka ajiye ta layin yana tsaye cak yana fuskantar sandar, ka buga. Tawadar za ta hau fuskar. In layin ya fito a tsaye, ya gitta tsagin fuskar daidai, zaman sandar lafiya lau. In samansa ya karkata wajen hanci, sandar ta cika miƙewa, a kwantar da ita. In ya karkata wajen dunduniya, ta cika kwanciya. Turawa kan manna takarda a tafin sanda su buga a kan allo don ganin inda ta goge. Mu da ke wasa a kan fako ba mu buƙatar allo, ƙasar da kanta tana yi mana rubutu. Juya tsohuwar sandarka ka duba gefen da ya fi cinyewa. Ka yi gwajin layin kana riƙe a alamar da ka zaɓa, domin rage tsawo shi kansa yana sauke hanci, sau da yawa ma ya kashe matsalar ba a lanƙwasa komai ba.

In layin ya nace, sai a lanƙwasa wuya, kuma a nan ne garin neman gira ake rasa ido. Kan ƙarfe iri biyu ne. Akwai wanda aka ƙera da dukan inji daga ƙarfe mai laushi, sau da yawa za ka ga an buga masa Forged a wuya. Wannan yana karɓar digiri biyu har uku ba gardama. Akwai na zubi, wanda aka narka aka zuba a ma'auni, mafi yawan na gwanjo ke nan, kuma yana da taurin kai. Digiri biyu shi ne iyakar da nake kaiwa da shi. A cikin kayan araha har akwai na tutiya, mai kaurin wuya, wanda maganaɗisu ba ya kamawa. Shi ko kusa kada ka gwada. Ni ma na taɓa karya ɗaya, na wani abokina ne ma ba nawa ba. Na matse kan, na zura bututu a wuyan, na danna a hankali ina jiran ya bi, sai na ji ƙas, wuyan ya rage a cikin bututun, karayar fara fat kamar an fasa sukari. In za ka yi, matse kan a matsar ƙarfe ta kan tebur da fatar shanu ko jan ƙarfe a gefe biyu, tsagin fuskar a kwance daidai da ma'aunin ruwa na magina. Auna kusurwar ƙotar da manhajar awon kusurwa ta waya kafin ka taɓa. Kama wuyan kansa, can ƙasa, ba ƙotar ba. Danna da gajerun fizga, ka saki, ka sake aunawa. Digiri ɗaya ƙanƙanin abu ne, ido ba ya ganinsa.

Sai abin da masu yanke sanda da ka suke mantawa, wato rinjayen kai. Sanda biyu suna iya zama nauyi ɗaya a sikeli, amma in ka kaɗa su ka ji ɗaya kamar gatari, ɗaya kamar kara. Manomi ya san wannan a fartanyarsa: a rage ƙota, ruwan fartanyar bai sauya ba, amma saranta ya mutu. Wani Ba'amurke, Robert Adams, ya ƙirƙiro ma'aunin wannan a shekarun 1930. Ana ɗora sanda a kan madogara mai nisan inci 14 daga ƙarshen mariƙi, a karanta harafi da lamba: C8, C9, D0, D1, haka dai. Sandunan maza yawanci tsakanin D0 da D2 suke fitowa. Lissafin da muke riƙewa a ka shi ne, rabin inci na tsawo maki uku ne, giram biyu a kai maki ɗaya ne. Ka ga in ka yanke santimita biyar ɗinka, maki goma sha biyu sun tafi, D1 ya faɗo B9, kuma sai ka liƙa wa kowane kai giram 24 kafin ka sake jin sa a hannu. In rabin inci ka yanke, giram shida ya wadatar.

Ba sai ka sayi ma'aunin ba. Kana buƙatar ƙaramin sikeli mai ƙirga giram, irin na masu zinariya ko na kicin, da tef, da bayan wuƙa. Auna nauyin sandar gaba ɗaya. Sannan ka ɗora ta a kan bayan wuƙar har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba, ka sa alama, ka auna daga ƙarshen mariƙi zuwa alamar. Cire 35.6 daga abin da ka samu, don inci 14 ke nan a santimita, ka ninka saura da nauyin. A ce sandar giram 430 ce, ta tsaya a santimita 71.6. Ka cire, saura 36. Sau 430, ya ba ka 15,480. A wannan lissafin D0 yana wajen 15,370, kowane maki kuma 126 ne, don haka sandar nan tana bakin D1. Ka lura da tef ɗinka da kyau: kuskuren milimita uku a wurin alamar maki guda ne cur. Ni nakan auna sau uku, da fanka a kashe, don iskar fanka kaɗai tana isa ta yi maka ƙarya. Rubuta lambar kowace sanda a littafi kafin ka taɓa ta. Harafin kansa ba abin bauta ba ne, amfaninsa shi ne ƙarafanka su zama 'yan uwa ɗaya a hannu.

Wajen ƙara nauyi, darma ce abokiyar aiki. Akwai salatif na darma da ake yi don wannan, in ba ka samu ba darmar da masunta ke ɗaura wa taru a bakin Binuwai ko wadda ake saita taya da ita duk suna yi. Buga ta da guduma ta yi fale-fale, yanka, auna, manna a bayan kai da salatif ka buga ka ji. Sai ka tabbatar da adadin kafin ka sa gam. Wanke hannunka bayan ka taɓa darma, kada kuma yara su yi wasa da guntayen. Wasu ma in an rage musu rabin inci sun fi son sauƙin da suka samu, ba sa neman a mayar. Ka gwada tukuna.

Mu koma ga ƙarfe na 6 da ya karye. Ramin wuyan ƙarafa iri biyu ne, kuma bambancinsu bai kai rabin milimita ba. Akwai inci 0.355, kimanin milimita 9.0, mai tsukewa zuwa ƙasa. Akwai inci 0.370, milimita 9.4, wanda faɗinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Na manyan sanduna ya fi siriri, 8.5 ko 8.9. Ma'aunin kauri na makanikai zai raba maka gardama. Ƙota mai tsukewa kowace lamba da tata, kuma daga wajen mariƙi kaɗai ake yanke ta. Mai faɗi ɗaya kuwa doguwa take zuwa, a rage bakinta gwargwadon lambar, sannan a rage ƙarshenta don tsawo. Shawarata mai sauƙi: a cikin goma sha ɗayan nan ba shakka akwai ƙarfe na 3 ko na 4, wanda sabon ɗan wasa ba ya iya ɗaga ƙwallo da shi. Ciro ƙotarsa ka ba na 6. In mai faɗi ɗaya ce, rage bakin ƙotar na 4 da inci ɗaya, ta zama ta 6 sak. In mai tsukewa ce kada ka taɓa bakin, za ta ɗan fi 'yan'uwanta laushi, kuma a matakinka wannan ba abin damuwa ba ne. Duba gaɓoɓin da ke jikin ƙota kamar na rake: in ka jera na 5 da na 6 da na 7, gaɓar farko ta riƙa matsowa kusa da wuya taki-taki.

Cirewa da zafi ake yi, don gam ne kawai ke riƙe da kai. Ƙotar ƙarfe, haska wa wuyan wutar gas kana juyawa kamar daƙiƙa talatin, sa tsumma mai kauri ka murɗa, zai fito da ɗan hayaƙi mai wari. Guntun da ya karye a ciki, dumama ka jawo shi da ƙugiyar waya ko ka huda shi a hankali. Ƙotar girafait, baƙar nan mara nauyi, dokarta daban: ba a murɗa ta, ba a kai mata harshen wuta, miƙe ake jan kan bayan an dumama wuyan, in ba haka ba zarenta ya warware daga ciki ba ka sani ba. In za ka yanke ta, naɗa salatif a wurin, yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora, ka rufe hancinka daga ƙurar. Bayan cirewa, kankare tsohon gam daga cikin ramin har ƙarfe ya yi haske. Bakin ƙotar ƙarfe kuma a goge shi da samfefa mai kaushi, tsawon abin da zai shiga, wajen santimita uku, har sheƙin ya mutu. A girafait fenti kawai ake cirewa. Ka zura ƙaramin zoben roban nan na bakin wuya kafin gam, yana kare ƙota daga kaifin ƙarfe.

Gam kuwa mai haɗi biyu ne, kuma mai jinkirin kamawa, wanda ake bari kwana guda. Irin su Araldite akwai mai sauri akwai mai jinkiri, ka karanta kwalin. Na koyi wannan da kunya. Wata shekara cikin watan Afrilu, ana gobe za mu yi wasa da abokai a ɗan filinmu na bayan gari, na ɗaura kan ƙarfe na 5 da gam na minti biyar, ban ko tsaya goge sheƙin da kyau ba, na jefa jakar a but ɗin mota ta wuni a rana. Ka san zafin Garwa a Afrilu, ya haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but. A rami na uku na ɗaga na sauke, sai na ji hannuna wayam. Ƙwallon ta yi taku ashirin, kan ya yi arba'in yana juyi a sama, ya faɗi tsakanin ƙafafun wani bijimi da ɗan Fulani ke kiwo a gefen fili. Yaron ya ɗauko ya kawo mini yana riƙe da shi da yatsa biyu don zafi. Da ya kauce taku uku, da wani labarin ake yi. Tun ranar da asuba nake haɗa gam, don a zafinmu yana fara daskarewa kafin ka gama shafawa. Rabo ɗaya da ɗaya, a gauraya sosai, a shafa ciki da waje, a murɗa ƙotar ta shiga, a buga ƙarshenta a ƙasa ta zauna, a goge abin da ya fito, a jingine. Ragowar gam ɗin ka bar shi a kan kwalin da ka haɗa, gobe ka gwada karya shi. In ya yi tauri, na cikin wuyan ma ya yi.

Harafin S ba ya ƙara nisa. Haruffan nan, L, A, R, S, X, taurin ƙota suke nunawa, amma ba wata hukuma da ta tsayar da ma'anarsu, S ɗin wani kamfani R ɗin wani ne. Ƙota mai tauri a hannun wanda bugunsa bai kai ba, ƙwallo takan fita ƙasa-ƙasa, ta faɗi da wuri, hannu kuma ya ji kamar ya doki dutse. Ga ma'aunina na tsohon hannu: in ƙarfe na 7 yana kai maka ƙwallo mita 135 zuwa 140 a sama, ban da gangarawa, to za mu yi maganar S. Na ce ban da gangarawa da gangan, don ƙasarmu ta rani tana ba kowa kyautar mita ashirin, kowa ya ɗauka ƙarfinsa ne. Abin da ya fi harafi tasiri shi ne nauyin ƙotar. Ƙotar da ake kira Dynamic Gold, wadda ta cika tsofaffin jakunkuna, tana kusan giram 130. Akwai na ƙarfe masu wajen 95 zuwa 105, girafait kuma ya sauko ƙasa da haka. In kana gajiya kafin rami na tara, nauyi za ka duba. In kana son kwatanta taurin ƙotoci biyu a gida, matse mariƙin a bakin tebur, rataya gorar ruwa mai lita ɗaya a wuyan, auna yadda kan ya sauka. Ba zai ba ka harafi ba, amma zai nuna maka bare a cikin jakar.

Mariƙi shi ne mafi arha, kuma a ƙasar nan shi ne ke fara mutuwa. Zafi da hunturu suna busar da roba ta yi santsi, mutum ya shiga damƙa da ƙarfi, bugu ya lalace. Tunda yankan tsawo daga wajen mariƙi ake yi, dole ma ka sauya. Tsaga tsohon da wuƙa, bakinta yana barin jikinka. Ƙa'ida wajen sa sabo ita ce salatif mai manne biyu da ruwan da masu fenti ke wanke buroshi da shi. Fetur yana yi amma wuta ce, kananzir kuma yana daɗewa bai bushe ba. Kai da kake da mai faci a maƙwabta, akwai hanya mafi sauƙi: naɗa salatif na takarda, sa bakin iskar kwamfuresa a ɗan ramin da ke ƙarshen mariƙin, yana kumbura kana turawa. Kaurin da ya dace shi ne, in ka riƙe da hagu, yatsunka biyu na tsakiya su ɗan taɓa tudun babban yatsa. In sun nutse, ƙara naɗi. In kuma sabon mariƙi ya yi wuyar samu, kana Marwa, garin dukawa. Da fata ake naɗe sanduna kafin roba ta zo, kuma doka ba ta hana ba muddin naɗin a zagaye yake, ba a yi wa yatsu gurbi ba. Ka dai auna shi, mariƙin roba wajen giram 50 yake.

Sandar yashi zan ɗan taɓa, ko da ba ka tambaya ba. Tun da Gene Sarazen ya ci gasar Birtaniya da irinta a 1932 ake yi mata tudu a tafi, don ta yi sulɓi a cikin yashi mai laushi maimakon ta nutse. A kan fako tudun nan tsalle yake sa ta, bakinta ya doki cikin ƙwallo, ta wuce kamar harsashi. In taka mai babban tudu ce, kada ka ɗauko ta a busasshiyar ƙasa, yi aiki da wadda ke bin ƙarfe na 9. Ana iya rage tudun da magagari, amma kowane giram biyu da ya zube maki ɗaya ne, kuma ba aikin watan farko ba ne. Babbar sandar bugun farko kuma, kamfanoni suna sayar da ita a inci 45 zuwa 46, doka ta tsaya a 48, amma mutane da yawa sun fi samun tsakiyar fuska a 44. Gwajin allin nan shi za ka maimaita mata, bayan ka gama da ƙarafa.

Aiko mini da abu uku: awon wuyan hannunka, hoton fuskar ƙarfe na 7 bayan gwajin layi guda biyar, da faɗin ramin wuyan na 6. In kuma hanya ta kawo ka Garwa, taho da sandunan biyu, ka iso kafin ƙarfe bakwai na safe. Ina da tsohuwar ƙota da za ka fara gwada zartonka a kai, gam ɗin kuma mu haɗa shi kafin rana ta hau.